Irin Tumatir na Lambun Gida Daban Yake da na Kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana taɓa tukunyar kowane gida, wato zaɓen irin tumatir da mutum zai shuka a ɗan lambunsa na cikin gida. Ni mazaunin Garwa ne a arewacin Kamaru, kuma na fi shekara goma ina kula da fangula huɗu a bayan ɗakin girki, dab da rijiya. Yanzu da damina ta fara ja da baya, maƙwabta sun soma sallama suna tambayar wane iri za su saya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona, ko Allah zai sa wani ya tsira daga asarar da na taɓa yi.

Asarar kuwa hoto ne ya jawo mini ita. A farkon fara lambuna na sayi wata takardar iri saboda tumatirin da aka zana a jikinta, jajawur, mai tsaga-tsaga, wanda ɗaya zai cika tafin hannu. Sunansa Marmande, kuma sunan wani gari ne a kudu maso yammacin Faransa. Na yi yayyafi a watan Janairu, na dasa a Fabrairu, na zuba masa takin shanu da ya ruɓe sosai, ya tashi kore shar har masu shigowa gidan suna yaba shi. Da Maris ya kama sai ya fara fure, amma kullum da safe in na leƙa sai in tarar da 'yan furannin rawaya sun kakkaɓe a ƙasa, kowanne ya tsinke daga wuyansa. Ruwa ban rage masa ba, taki ban hana shi ba, amma abin da na tsinka a fangali guda bai cika kwano ba.

Daga baya na fahimci cewa zafi ne ya yi wannan aiki. Tumatir, wanda asalinsa daga yankin tsaunukan Amurka ta Kudu yake, yana son rana amma ba ya son ƙuna. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen yakan lalace, furen ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Duk wanda ya san Garwa ko Marwa ko Kusiri a watannin Maris da Afrilu ya san digiri 40 ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai lambu ya yi wa kansa ita ce a wane wata shukarsa za ta yi fure. Yayyafin da aka yi a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, aka dasa bayan mako uku zuwa huɗu, furensa zai faɗo cikin sanyin hunturu, kuma a wannan lokaci kusan kowane iri yakan ba da haɗin kai. Wanda ya makara zuwa Fabrairu kuwa, sai ya nemi iri mai jure zafi ko ya haƙura.

Irin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne dogon tumatir mai tauri, irin su Roma VF da UC 82 da Rio Grande, wanda ya yi suna ƙwarai a nan Kamaru. Duk da sunansa, Roma a Amurka aka samar da shi a shekarun 1950, shi kuma UC 82 ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya. An ƙirƙiro su ne domin masana'antun tumatirin gwangwani, shi ya sa suke da tsoka mai kauri da ƙarancin ruwa, ba sa tsayi sosai, suna jure dukan kwando da jijjigar mota, sannan suna nuna kusan a lokaci guda. Manomin da ke bakin kogin Binuwai ko ƙarƙashin madatsar ruwa ta Lagdo, wanda yake son ya cika kwanduna ya kai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, wannan shi ne abin da yake nema. Amma uwargida ba kwando take so a rana ɗaya ba. Guda biyar ko shida take so kullum har tsawon watanni. In ka cika lambun gida da Roma kaɗai, za ka yi mako uku kana rabon tumatir ga dangi, daga nan ka koma saye a bakin titi. Ban ce a guje su ba, domin babu kamarsu wajen yin kauɗa: a yanka biyu, a shanya a kan tabarma cikin iskar hunturu, cikin 'yan kwanaki ya bushe ƙayau, a ajiye don watannin tsada. Sai dai a kula, wannan dogon iri shi ya fi saurin yin baƙin gindi idan ban ruwa ya zama yau akwai gobe babu.

Akwai kuma haruffan da ake rubutawa bayan sunan iri, waɗanda yawancinmu muke wucewa ba mu tambaya. V da F suna nufin irin yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa shuka yaushi. N kuwa yana nufin juriya ga ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, kuma wanda ƙasar gidansa yashi ce ya kamata ya nemi wannan harafi. Da damina matsalar takan sauya. Za ka ga shuka lafiya lau da safe, da la'asar ta langaɓe ganyenta na nan kore, ka ba ta ruwa ta ƙi tashi. Wani ma'aikacin gona ya koya mini yadda ake ganewa: a yanke karan kusa da gindi, a tsoma bakinsa a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a jira 'yan mintoci. Idan wani farin abu kamar zaren madara ya fara gangarowa daga karan, to cutar bakteriya ce, kuma babu feshin da zai tashe ta. Maganinta shi ne sauya wuri da zaɓen iri mai juriya. Mongal F1 da Cobra F1, na kamfanin Technisem na Faransa, an san su da jure wannan cuta, kuma na ga Mongal ya yi mini 'ya'ya a tsakiyar Agusta a lokacin da Roma ya kwanta. Cobra yana da ƙarin juriya ga cutar da ke nannaɗe ganye ta mayar da shi rawaya, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, kuma mu da muke zaune a ƙasar auduga mun san wannan ƙwaro ba ya yi mana nisa. Ita kuwa tsutsar nan mai rarake ganye, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, ba ta bar kowane iri ba. Tsinke ganyen da ta shiga da wuri shi ne abin da mai lambun gida zai iya.

To amma F1 yana da sharaɗinsa, kuma masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba. Iri ne mai aure, wanda aka haɗa daga iyaye biyu daban. Idan ka ɗebi ƙwayarsa ka ajiye don baɗi, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba: wani dogo, wani gajere, wani mai juriya, wani marar ita. Dole kowace shekara ka koma shago, kuma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Roma da Rio Grande da UC 82 na asali ba haka suke ba, ana iya ajiye irinsu.

Wannan ya kawo ni ga irin da na fi ƙauna, wanda ba shi da takarda balle hoto. Ina nufin ɗan ƙaramin tumatirin nan namu na gargajiya, mai tsami da yawan ƙwaya, wanda yakan tsiro da kansa a bakin magudanar ruwan wanke-wanke ko gefen juji. Nawa na samo shi ne a wurin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a ƙulle cikin wani tsumma tare da toka. Yana yaɗo ya hau zana, yana fure yana 'ya'ya a lokaci guda, yau ka tsinki goma, jibi ka sake tarar da wasu sun nuna, haka har watanni. A bazarar da manyan iri suke zubar da fure, shi yakan rage yawa amma ba ya dainawa. 'Yan kasuwa ba sa son sa domin fatarsa siririya ce, kwana biyu a kwando ya fashe, amma daga lambuna zuwa turmin jajjage taku goma ne. Uwargidana takan ce idan ta haɗa shi da attarugu da albasa, ƙamshin miyar kansa daban ne, kuma ba ta buƙatar ƙara tumatirin leda. Abin da ke damuna shi ne yadda yake ɓacewa daga gidaje, domin matasa suna ganin duk abin da ba a shago aka saya ba ciyawa ne, sai su tuge shi.

Ajiye irinsa ba wuya. Ana zaɓar 'ya'yan da suka nuna sosai daga shukar da ta fi lafiya, ba daga wadda ta rage a ƙarshe ba. A matse ƙwayar da ruwanta a cikin kofi, a bar ta kwana biyu ko uku har ta yi kumfa, santsin da ke jikinta ya saki. Sai a wanke, a zubar da wadda ta taso sama, a shanya ta ƙasan a inuwa, in ta bushe a zuba a kwalba da 'yar toka a toshe. Da yake furen tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, irin yakan fito kamar yadda aka san shi.

Tsarin da na tsaya a kai yanzu shi ne fangali biyu na Rio Grande da rani domin miya da kauɗa, fangali ɗaya na Mongal da damina, sannan na gargajiya a jikin zana duk shekara, ina kuma sauya musu wuri da albasa ko masara don ƙasa ta huta.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga masu sayar da iri: giram ɗaya na tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, wanda ya ishi gida ya yi saura, saboda haka a samar mana ƙananan takardu a rufe masu ɗauke da kwanan wata, maimakon a buɗe gwangwani ana ɗiba da cokali a cikin zafin shago har irin ya mutu. Na biyu gare ku, Malam Edita: bayanin da ke jikin takardun nan da Faransanci ko Turanci yake, kuma yawancin matan da ke riƙe da lambunan gida ba sa karanta su. Cibiyar binciken aikin gona ta IRAD tana da ma'aikata a Garwa da Marwa. Ina roƙon ku gayyaci ɗaya daga cikinsu ya bayyana mana da Hausa, kafin Oktoba ya wuce, irin da ya dace da kowane wata a yankinmu, ya kuma gaya mana ko akwai mai tattara irinmu na gargajiya yana adanawa. Idan akwai, ina da kwalba biyu a ajiye, kuma a shirye nake in ba da ɗaya.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.