Godiya ga masu hayar injin ɗaga kaya na hanyar Magariya

Assalamu alaikum. Ban saba rubuta irin wannan ba, amma abin da kuka yi mini ranar Laraba ya wuce in yi shiru.

Injin matsar man gyaɗa na sayo daga Kano, cikin akwatin katako, nauyinsa ya kusa tan 2. Kamiyo ya sauke shi bakin kwalta, mangazata kuwa tana can cikin lungu a Birni, tsohuwar unguwar Zinder. Wanda ya san Birni ya san zancen: rairayi har idon sawu, duwatsun Damagaram sun leƙo nan da can, katangu kamar za su rungumi juna.

Waɗanda na fara kira, ba zan ambaci sunansu ba, sun turo irin injin nan mai ƙananan tayoyi da aka yi don daɓen siminti. Bai yi taku goma ba ya nutse, cikinsa ya zauna a ƙasa, tayoyi na ta juyi wuri ɗaya suna watsa mana ƙura. Yara suka taru ana shewa. Duk da haka mai shi ya ce sai na biya kuɗin yini cur, har da na gazuwal. Kwana 3 ina shimfiɗa tabarma gefen akwatin nan, ina gadin kayana.

Direbanku, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana ba, bai taho da inji ba sai da ya zo a kan babur ya auna faɗin lungun da ƙafa. Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, zai shiga." Wallahi ban yarda ba.

Washegari ya iso da injin ɗaga kaya ƙirar Manitou mai manyan tayoyi irin na tarakta, duka huɗun suna ja, cikinsa can sama da ƙasa. A kwanar masallaci, inda ko amalanke sai ta yi baya, ya sa tayoyin gaba da na baya suka karkata saɓanin juna, injin ya lanƙwashe kwanar lokaci guda. Bakin ƙofa kuma sai duka huɗun suka kalli gefe ɗaya, ya matsa a kaikaice kamar ƙaguwa. Da tayar baya ta hau dutse na runtse ido, ashe ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya lilo yake yi, sauran ukun ba su bar ƙasa ba, akwatin ko motsi. Bai taɓa ɗaga kayan sama ba sai da ya kai wurin ajiyewa.

Kuɗin da muka yi ciniki shi na biya, ko dala ba a ƙara ba. Na miƙa masa na goro, sai da na haɗa shi da Allah ya karɓa.

Abin da ke ba ni haushi a garin nan, mutum ya san injinsa ba na rairayi ba ne, amma ba zai faɗa maka ba sai kuɗinka sun shiga aljihunsa. Haka wasu masu gyaran mota, haka masu haƙar rijiya: ka buga waya a ce "ga mu nan tafe", ka yi ta zama har la'asar.

Allah ya ƙara muku kasuwa, ya yi wa yaron nan albarka. Injin casar gero na tafe bayan kaka, ku zan kira.

Wani mai sana'ar man gyaɗa, Birni, Zinder