Kafin ka ce a zo a sa maka Netflix a gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta a kan wani abu da ya shigo gidajenmu ba tare da an zauna an yi mana bayaninsa da harshenmu ba, wato biyan kuɗin wata-wata don kallon fina-finai ta intanet.

Ni mai gyaran talabijin ne da ɗaura dish a nan Jos. Na koyi aikin tun zamanin bidiyo mai kaset, lokacin da rabin aikinmu wanke kan bidiyo ne da canjin bel. Faifan CD ya zo ya wuce a gabanmu, dish ya zo, kuma da hannunmu muka riƙa haɗa wa mutane akwatunan FreeTV bayan da aka ƙaddamar da gwajin talabijin na dijital a garin nan a watan Afrilun 2016. Yau kuwa daga Unguwar Rogo har Rayfield, kiran da ya fi zuwa mini shi ne: "Malam, zo ka sa mana Netflix."

Ina zuwa, don da shi nake ciyar da iyalina. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karɓa ta. Maigida zai miƙo mini katin bankinsa, ya ce in yi duk abin da ya kamata, ya sa takalminsa ya tafi kasuwa, ya bar ni da yaro ɗan shekara goma sha uku riƙe da rimot. Wannan aiki ba irin na dish ba ne da za a ɗaura a saman kwano a sauko a manta. Asusu ne ake buɗewa da sunanka, a ɗaure shi da kuɗinka, a kuma buɗe masa hanya zuwa idon 'ya'yanka. Duk wanda zai shigo da shi gidansa, ya zauna a saita a gabansa, ya san ta inda ake buɗewa da ta inda ake rufewa. Abin da na zo faɗa ke nan.

Da farko a gane mene ne shi. Ba tasha ba ce mai jadawali. Rumbu ne na fina-finai da ke ajiye a kwamfutocin kamfani, kai kuma kana janyo wanda kake so ta intanet a lokacin da kake so. Netflix kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1997, ya fara da aika wa mutane faifai ta gidan waya, ya shiga nuna fim ta intanet a 2007, ya iso Najeriya a Janairun 2016. Akwai Prime Video na kamfanin Amazon, akwai kuma namu na gida da suka fi karkata ga Hausa, irin su Northflix da manhajar Arewa24.

Maganar na'ura ba ta da tsawo. In talabijin ɗinka mai shiga intanet ce da kanta, shi ke nan. In ba ita ba ce, kada ka yar da ita: duba bayanta, muddin akwai ramin HDMI, ɗan ƙaramin akwati ko sanda da ake sokawa ya wadatar. Sai dai ka guji akwatunan nan masu arha marasa suna. Da yawansu kamfanonin fim ba su amince da su ba, sai ka ga hoton ya ƙi fita tas, ko manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. A gwada maka a shago kafin ka biya.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne data. Hausawa suka ce sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki, to kuɗin wata shi ne dokin. Netflix da kansu sun bayyana abin da kallo ke ci: a mafi ƙarancin ingancin hoto, kusan giga 0.3 a awa guda. A matsakaici, kusan 0.7, a hoto mai kyau sosai yana kai giga 3, a wanda ake kira 4K kuwa har giga 7 a awa ɗaya tak. Ɗauki gidan da ake kallon awa biyu kowane dare bayan Isha'i. A hoto mai kyau sosai, suna iya cinye giga 180 a wata. A matsakaici, wajen giga 42. Fim ɗaya, falo ɗaya, amma bambancin ya ninka sau huɗu da ɗoriya. Ka tuna kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

In ba ka taɓa saitin ba, manhajar ce za ta zaɓar maka, kuma in ta ga sabis da ƙarfi, hoto mafi tsada za ta ɗauko. Shi ya sa ake kira na bayan kwana huɗu ana cewa an sace musu data. Ba wanda ya sata. Wajen gyara wannan yana cikin saitin asusu, inda ake zaɓar ingancin hoto, kuma kowane mai kallo da nasa saitin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A talabijin mai inci 32, irin wadda ke mafi yawan falukanmu, in kana zaune nesa kaɗan, matsakaicin hoto ya ishe ka. Ni shi nake sa wa gidana.

Kafin ka sayi akwatin intanet da ake kira rauta, gwada sabis ɗin a cikin falon da za a yi kallon, kuma da misalin ƙarfe takwas zuwa tara na dare, lokacin da kowa ya hau. Duk ɗan Jos ya san halin garinmu: duwatsu da kwari. Layin da ke gudu a Farin Gada yana iya rarrafe a wani lungu na Gangare, wani lokaci ma tsakanin zaure da tsakar gida akwai bambanci. Ari wayar maƙwabci mai wani layi daban ka gwada. Masu ce maka data mara iyaka kuma, tambaye su giga nawa za ka ci kafin su rage maka gudu, don galibi akwai wannan sharaɗin a rubuce da ƙananan haruffa. Wata dabarar ita ce sauke fim a waya da datar dare mai rahusa a kalla washegari, amma a sani saukewa a waya ake yin ta, manhajar talabijin ba ta ajiye fim.

Sai kuɗin watan kansa. Bayan ƙarin da Netflix suka yi a tsakiyar 2025, tsarinsu huɗu ya tsaya a naira 2,500 da 4,000 da 6,500 da 8,500. Farashi yana motsi, a duba kafin a biya. Na 2,500 ɗin na waya ne kawai, ba ya aiki a talabijin, kuma na sha tarar da wanda ya biya shi yana zaune yana jiran hoto a bango. Na 4,000 mutum ɗaya ne ke kallo a lokaci guda, na gaba biyu, na sama huɗu. Ga mai albashin naira 70,000, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi tun 2024, in aka haɗa wannan da data da man janareta, ba ƙaramin yanki ba ne na kuɗin cefane. Mutum ya yi lissafinsa da biro a takarda tun kafin yara su saba, don cire musu bayan sun saba ya fi wuya.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne, da zarar ka sa katinka, kowane wata za a cira da kai ko ba kai, ko an yi kallo ko ba a yi ba, har ranar da ka shiga asusun ka soke. Goge manhajar daga talabijin ba sokewa ba ne. Sayar da talabijin ɗin ma ba sokewa ba ne. Wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu, wani yaro ya buɗe mata da imel ɗinsa da katinta, daga baya ya tafi bautar ƙasa ya canza lamba. Watanni tana ganin alat na cirar kuɗi ba ta san daga ina ba, ita da take tattalin kuɗin makarantar marayu. Sai da muka raka ta banki aka toshe katin aka yi mata sabo. Da imel ɗinta aka buɗe, da aikin minti biyu ne. Don haka imel ya zama naka, kalmar sirri kai za ka zaɓa ka rubuta a inda kake ajiye takardun gida, lambar katinka kuma kai za ka danna da yatsanka. Masu tallar asusu mai arha a WhatsApp kuwa, asusun wani suke yankawa suna sayar wa mutane da yawa, wani lokaci ma na sata. Ranar da mai shi ya canza kalmar sirri, kuɗinka ya tafi, kuma ba ka da wajen kai ƙara.

Yanzu ga abin da ya fi kuɗi nauyi a wurina. A zamanin kaset, fim ta zaure yake shigowa, a hannun yaro, da hoto a jikin kwalinsa. Uba na zaune a kan tabarma zai ce "kawo in gani", in bai yi masa ba ya ce a mayar wa mai haya. Akwai kuma masu tacewa: hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, ta jihar Kano tun 2001. Rumbun da muke magana a kai an tara shi ne don duniya baki ɗaya, don mutanen da tarbiyyarsu da tamu ba ɗaya ba ce, kuma fim na manya zalla yana nan jere kusa da zanen yara, tazarar dannawa biyu. Ban ce duka sharri ba ne. Akwai shirye-shiryen namun daji da na teku da na tarihi da nake zama in kalla da 'ya'yana, su yi ta tambaya har in rasa amsa. Amma tacewar da uba ke yi a zaure ta koma cikin saiti, kuma in bai shiga ya yi ba, ba mai yi masa.

Kayan aikin suna nan, kyauta, mutane ne ba su sani ba. Asusu ɗaya na Netflix yana ɗaukar masu kallo har biyar, kowa da sunansa. A buɗe wa yara nasu na yara, wanda ba ya nuna abin da ya wuce shekarunsu. Na manya a kulle shi da lamba huɗu, kuma kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan, don ita yara za su fara gwadawa. A sa kuma sai da lambar za a iya ƙirƙirar sabon mai kallo, in ba haka ba yaro mai wayo zai buɗe wa kansa na manya. Kowane fim yana ɗauke da alamar shekaru, irin su 7 ko 13 ko 16 ko 18. A koya wa kowa karanta ta, amma kada a ɗauka abin da suka ce ya dace da ɗan shekara 13 lallai ya dace da namu. Akwai inda ake ganin jerin duk abin da aka kalla. Akwai kuma inda ake kashe abin nan da ke sa kashi na gaba ya fara da kansa da zarar wani ya ƙare. Shi ne ke kai yara ƙarfe ɗayan dare, gobe ga makaranta ga Islamiyya, a sanyin Disamba na Jos a yi ta fama da su a kan sallar Asuba.

Ina roƙon maza kada su riƙe lambar su kaɗai. Uwargida ce ke gida lokacin da yara suka dawo, ita ce ke ganin abin da ke kan allo. A zaunar da ita a nuna mata, a ba ta rimot ta gwada da kanta. Talabijin ɗin kuma ta zauna a falo, inda ake wucewa.

Tambayar da ta kamata a fara yi ma, wadda na bari sai yanzu, ita ce: mutanen gidan me suke so su kalla? Sau da yawa ina gama haɗawa, Hajiya babba za ta leƙo ta ce, "To ɗan nan, ina na Hausa?" Sai in rasa abin nuna mata. Rubutun manhajar da Turanci yake, fim na Hausa kuma sai an tona. Yawancin fina-finai masu dogon zango da matanmu da iyayenmu ke bi mako-mako a YouTube suke, ba kuɗin wata, data kawai. In abin da gidanka ke so ke nan, ba ka da dalilin biyan kamfanin waje. In za ka biya, gwada na Hausa wata guda ka gani. Garin nan ne ke da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, kuma 'yan wasan Hausa da masu ɗaukar hoto da yawa 'ya'yan unguwanninmu ne. Ɗari biyun da ake ba mai turawa a bakin titi ya zuba maka fim a waya, ko kwabo ba ya isa hannunsu.

Abokan sana'ata masu haɗa wa mutane, mu ji tsoron Allah. Kada ka buɗe wa mutum da imel ɗinka don ya riƙa nemanka, kada ka ɗauki hoton katinsa, kada kuma ka bar gidan sai ka nuna masa maɓallin sokewa ya gan shi da idonsa.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, ku nuna waɗannan matakai da hotuna da bayanin Hausa: inda ake rage cin data, inda ake kulle na manya, inda ake sokewa. In kun buga, zan yanke shafin in manna a bangon shagona, in kuma riƙa ba duk gidan da na je kwafi ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran talabijin,
Titin Bauchi, Jos.