Kafin a miƙa wa samarin ƙauye bindiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka don in sa baki a maganar da ake ta yi a fadojin sarakuna da bakin kasuwanni, tun daga Tilliya har Birnin Ƙonni a nan jihar Tawa ta Nijar, wato kiran a ba samarin ƙauyuka bindiga su tsare garuruwansu. Masu wannan kira suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Faɗin jihar Tawa ya haura murabba'in kilomita dubu 100, babu rundunar da za ta ajiye soja a bakin kowace rijiya. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Intazayan da Bakorat da Wistan na gundumar Tilliya cikin yini guda, alhali gundumomin Tilliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Wanda aka kore wa garke, ko aka ɗora wa zakkar dole da bakin bindiga, in ya nemi abin kare kansa babu mai ikon ce masa ya yi shiru. Duk da haka ra'ayina shi ne bindigar yaƙi ta hukuma ce ita kaɗai. In larura ta sa za a ara wa farar hula, sai da ƙa'ida a rubuce, ta hannun sarakunan gargajiya da jandarma, kuma da ranar karɓe ta.

Maƙwabtanmu sun riga mu bin wannan hanya. A Tangaza da Gudu cikin jihar Sakkwato, dab da iyakarmu, waɗanda yau ake kira Lakurawa sun fara shigowa ne da sunan taimakon jama'a kan ɓarayin shanu, har wasu mutanen yankin suka yi musu maraba. Da suka kafu sai suka shiga karɓar zakka da ƙarfi, suna yi wa mutane bulala, suna yanke hukunci a ƙasar hakimai ba da izininsu ba. An guji gara an faɗa gidan zago. A Zamfara 'yan sa-kai sun riƙa kama Fulani ranar kasuwa suna kashewa babu shari'a, kuma ramuwar gayyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya cika dazuzzuka da 'yan bindiga. A Mali an kashe sama da mutum 150 a Ogosagu cikin Maris 2019, kuma mafarautan sa-kai aka zarga. Burkina Faso ta yi doka a Janairu 2020 ta kafa rundunar sa-kai da horon kwana 14. Kwana 14 ya isa yaro ya iya kwance bindigar kalashi ya harhaɗa ta, amma bai isa ya koyi riƙe yatsansa ba ranar da ya ga wanda yake zargi da satar saniyar babansa.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. Ranar 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Banibangu cikin jihar Tilaberi ya jagoranci 'yan sintirin yankinsa a kan babura, aka yi musu kwanton ɓauna kusa da Adab-Dab, mutum 69 suka rasu har da shi kansa. Allah Ya jiƙan su, babu mai shakkar jarumtarsu. Sai dai ayarin babura a filin Allah, nesa da gida, ƙura na tashi ana hango ta tun daga nesa, shi ne abin da mai kwanton ɓauna yake addu'ar samu. Ɗan sa-kai yana da ƙarfi ne a inda ya san kowane lungu da kowane kwazazzabo. Da ya yi nisa da garinsa ya zama soja marar horo, marar rediyo, marar mai kawo masa ɗauki. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce iyaka: kilomita biyar daga masallacin gari, ko iyakar gonakin garin, kuma bin sawun mahara cikin daji aikin soja ne.

Zaɓen mutane shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Kada a buɗe rajista a babban gari a ce duk mai so ya zo, domin waɗanda za su fara cika layi su ne marasa aikin yi, da masu shan tiramol, da masu tsohuwar gaba da suke neman hanyar hucewa. Mai gari da liman da ardo ko shugaban gungun makiyaya su zauna tare su fitar da sunaye. Kowane mutum ya haura shekara 25, yana da iyali, yana da gona ko dabbobi a yankin, kuma dattawa biyu su tsaya masa da sa hannu, su san cewa in ya yi ɓarna su za a fara kira. Sarkin kanto ya duba takardar, jandarma su bincika ko akwai mai tsohon laifi, sannan prefe, wato shugaban gunduma, ya amince. Mutum 15 zuwa 20 sun ishi ƙauye guda. Abin da ba na so a yi sassauci a kansa shi ne haɗin jama'a. Jiharmu ta Hausawa ce da Abzinawa da Fulani da Larabawa. Duk ƙungiyar da ta kasance ta ƙabila guda, ko da niyyarta ta yi kyau, maƙwabta za su ɗauke ta a matsayin shirin yaƙi da su, su ma su nemi mai ba su makami, kuma mun san wanda yake jira a daji da tayin.

Na nace kan sarakuna ne don dalili. An rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, an kuma rushe jam'iyyun siyasa a Maris 2025. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, abin da ya rage a ƙauye wanda ya san kowa da kakansa shi ne mai gari da sarki. Kantoma da kwamandan jandarma ana iya canza musu wurin aiki gobe, sarki yana nan. Dokar 2015 kan sarautar gargajiya ta riga ta sa su cikin tsarin mulkin ƙasa. Amma in za a ɗora musu wannan nauyi, a tsare rayukansu, domin mahara sun san wannan lissafin, shi ya sa mai gari yake cikin waɗanda suke fara nema.

Sai maganar makamin kansa. Kowace bindiga tana da lamba a jikinta. A rubuta lambar da sunan wanda aka ba a littafi uku: ɗaya wurin jandarma, ɗaya wurin prefe, ɗaya a fadar sarki. Kada bindiga ta kwana a ɗakin mutum inda yara suke, ko ta bi shi kasuwa da gidan biki. A ajiye su a ɗaki guda mai ƙwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin shugaban 'yan sintiri, ɗaya wurin wakilin mai gari, mai gadi ya karɓa da magariba ya mayar da hantsi. Harsashi ya fi bindiga saurin ɓacewa, don yana shiga aljihu kuma yana da masu saye. Gidan harsashin kalashi yana ɗaukar guda 30. In an ba mutum gida biyu, harsashi 60 ke nan a rubuce. Ranar da ya ce ya harba goma, ya kawo kwanson da ya samu, ya faɗi wuri da lokaci da shaidu, kafin a cika masa. Jandarma su riƙa zuwa ƙirga sau ɗaya a wata ba tare da sanarwa ba, kuma kada ranar ta zama sananniya. Inda aka bar wannan lissafi, harsashin da gwamnati ta saya da kuɗin talakawa shi ne zai dawo kan sojanta ta hannun dillalai.

Akwai abubuwan da ya kamata a haramta musu ƙarara. Ba su da ikon kafa shinge a kan hanya, ba su da ikon cin tara, ba su kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko rawaninsa ko harshensa. Wanda suka kama da makami ko da dabbar sata, a miƙa shi ga jandarma kafin rana ta faɗi, da rai kuma babu duka. Dabbobin da aka ƙwato a kai su fadar sarki, a yi shela, mai su ya zo ya faɗi shaidar da ke jikinsu da shaidu biyu. In aka bar 'yan sintiri suna raba abin da suka ƙwato, ko suna karɓar kaso, to an mayar da tsaro sana'ar ganima, kuma daga nan garken kowane baƙon makiyayi zai zama na sata a idonsu.

Albashi ma haka. Ko kaɗan ne, ya fito daga baitulmali, kowane wata, da sunan mutum, ba ta hannun wani attajiri ko mai neman suna ba. Wata uku babu biya ya isa su fara zagaya gidaje suna karɓar kuɗin tsaro, jika ɗaya a kan kowane magidanci, gobe jika biyu, kuma talaka ba zai ga bambancinsu da masu zakkar daji ba. In gwamnati tana da kuɗin biyan dubban 'yan sa-kai, ni a ganina gara ta ɗauki rabin adadin cikin rundunar gardi ta ƙasa, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida kuma ta saba aikin karkara, a ba su cikakken horo da kaki da dokar soja a kansu, a mayar da su yankunan da suka sani.

Abin da farar hula suka fi soja iyawa shi ne gani da ji. Su ne suke sanin wanda ya sayi jarka goma ta man fetur alhali babur ɗaya gare shi, da wanda yake sayen buhunan shinkafa da taliya fiye da bakunan gidansa, da baƙin da suka sha ruwa a rijiya da asuba. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma ake tsare shi. Abin da yake kashe wannan hanya abu biyu ne: a kira waya a sanar, ba a zo ba sai washegari, ko kuma sunan mai ba da labari ya fita. In aka yanka mutum ɗaya saboda ya yi magana, ƙauyuka goma za su kama bakinsu. Mutum ɗaya tak a kowane barikin jandarma ya kamata ya san masu ba da labari, kuma kada a riƙa zuwa ƙofar gidajensu da mota.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne kaka. Rikicin manomi da makiyayi ya girmi duk waɗannan ƙungiyoyi. A Toda cikin jihar Maradi an kashe sama da mutum 100 a Oktoba 1991, yawancinsu mata da yara. A Bangi cikin gundumar Madawa, a nan jiharmu, kusan mutum 20 suka mutu a Nuwamba 2016. Ba da kalashi aka yi waɗannan ba, to ina ga an raba ta? Dokoki kuwa muna da su. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa jihar Tawa. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa da muke kira kofo, tun daga ƙauye har gunduma, ta kuma ce a fara neman sulhu a gaban sarki kafin a je wurin alƙali. Dokar 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Aiki da su ne ya yi rauni. In dabbobi sun shiga gona, mai gari da ardo su je tare cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin iska ta shafe sawu, a auna wurin da aka ci, a ƙiyasta damin da zai bayar, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Abin da yake ɓata lamarin shi ne jinkiri, da tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa, da nome burtali da toshe hanyar mashaya, da kuma makiyayan da suke gangarowa kudu kafin ranar sakin gonaki da hukuma take sanarwa. Ƙauyen da kofonsa ba ya zama, kuma burtalinsa ba shi da alama, bai kamata a kai masa bindiga ko ɗaya ba sai an gyara wannan tukuna. A rubuta kuma cewa ɗan sintiri ba ya zuwa wurin ɓarnar gona da makami, ko da gonar tasa ce.

Saura karɓe makaman. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, amma sai 25 ga Satumba 2000 aka ƙona makamai a Agadas, shekara biyar da 'yan watanni, kuma waɗancan suna da shugabannin da za a zauna da su. Muna da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ya kamata a ba ta kwafin kowane littafin rajista tun ranar farko. Takardar kowane ɗan sa-kai ta zama ta shekara ɗaya, ba a sabunta ta sai sarki da ardo da kwamandan jandarma sun sake sa hannu, kuma a faɗa masa tun yau abin da zai samu ranar da ya mayar da bindiga: gurbi a rundunar gardi in ya cancanta, ko jarin shanun huɗa da garma, ko awaki na kiwo.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Tawa