Wa ke da hurumin cewa magana ƙabilanci ce?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu kan wata rigima da ke dawowa duk lokacin da guguwar siyasa ta taso a Kano. Sojan baka zai shiga gidan rediyo ya ce wane ba ɗan garin nan ba ne, a je a binciki inda kakansa ya fito, ko ya kira wata ƙabila da sunan da ta tsana. Kafin gari ya waye an yanko maganar an baza ta a WhatsApp da Facebook. Waɗannan su ce ƙabilanci ne, a kama shi. Waɗancan su ce raha ce, ko gaskiya ce mai ɗaci. Daga nan sai a manta da abin da aka faɗa, a koma ana tambayar juna: kai wane ne da za ka yanke hukunci?

Tambayar tana da amsa, kuma rashin saninta ne ke sa mai laifi ya sha, marar laifi ya kwana a caji ofis.

Wasu na ganin wariyar launin fata matsalar Amurka da Afirka ta Kudu ce, mu nan ƙabilanci kawai muke da shi. A doka abu ɗaya ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariya, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ta haɗa launin fata da tsatso da ƙasar asali da ƙabila a ma'ana guda. Wanda ya ce kada a zaɓi mutum don kakansa Banufe ne ko Babarbare, a ma'aunin wannan yarjejeniya layinsu ɗaya da wanda ya ce kada a zaɓi baƙar fata.

Kiran magana da sunanta haƙƙin kowa ne. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da ya ba sojan baka damar magana, shi ya ba mai sauraro damar cewa abin da ka faɗa ƙabilanci ne. Kuma wanda aka jefa da kalmar ya fi kowa sanin nauyinta. Bahaushen da ke sayar da kayan gwari a Legas ya san bambancin "aboki" da maƙwabcinsa ke kiransa da ita da "aboki" da ake jefa masa ranar da rikici ya tashi, kamar yadda ɗan kasuwar Sabon Gari ya san lokacin da "Nyamiri" ta tashi daga suna ta koma zagi. Don haka a saurare su kafin kowa. Amma matsayinsu na shaida ne. Da a ce jin zafi kaɗai ya isa hukunci, da duk ɗan siyasar da aka tambaya ina kuɗin kwangila ya ce don ƙabilarsa ake tambayarsa, kuma mun ga masu yin hakan.

Ɗauri da tara kuwa na kotu ne ita kaɗai. Sashe na 36 ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin yana rubuce a doka tare da hukuncinsa, kuma kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. An yi dokoki a kan haka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana a sashe na 92 yin kamfen da zagi ko habaicin da zai taɓa addini ko ƙabila ko yankin wasu, ta yanka wa ɗan takara tarar da ta kai naira miliyan 5 ko ɗaurin wata 12. Sashe na 97 ya ce mai neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila zai biya har naira miliyan 1 ko ya sha wata 12 ko duka biyun, jam'iyya kuma har miliyan 10. Idan ta intanet aka yi, sashe na 26 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya ambaci wariya da ƙyamar baƙi da sunansu, hukuncin ya kai shekara 5 ko naira miliyan 10 ko duka biyun, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro. Ga kuma Final Kod, kundin dokokin laifuka na Arewa, da muka gada tun 1960, mai hukunta tunzura jama'a da cusa ƙiyayya tsakaninsu ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari.

To me ya sa da wuya ka ji an yanke wa wani babba hukunci? Dokar ta 2022 ta ɗora gurfanar da masu laifin zaɓe a wuyan lauyoyin INEC, alhali INEC ba ta da ikon kama mutum ko gudanar da binciken laifi, sai ta jira fayil daga 'yan sanda. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar laifukan zaɓe tun 2008, har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba. Sashe na 308 ya kare shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu daga gurfana muddin suna kan kujera, ɗan majalisa kuma ba a kai shi kotu kan abin da ya faɗa a zauren majalisa. Waɗanda muryarsu ta fi kai wa nesa su ne hannun doka ya fi jinkirin kaiwa gare su, sai a huce kan yaron da ya tura saƙon.

Inda muke son mu ja hankali sosai shi ne masu ɗora wa kansu rawanin alƙalanci ba tare da an naɗa su ba. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a watan Agustan 2020, kuma a watan ta ci gidan rediyon Nigeria Info na Legas wannan tara kan hirar da ya yi da Dakta Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. Ranar 10 ga Mayu, 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, ya soke tarar naira 500,000 da ta ɗora wa kowace daga tashoshi 45 a 2019. Dalilinsa kowane Bakano zai gane shi: ba a zama mai ƙara, a zama mai shaida, a kuma zama alƙali. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin kafa hukumar hana kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya idan maganar ta jawo asarar rai. Jama'a suka yi masa ca, bai zama doka ba. Tsoron da mutane suka ji a lokacin yana da tushe, domin hukumar da gwamnati mai ci ta naɗa, bakin 'yan adawa za ta fi ji. A nan gida ma, a watan Mayun 2025 aka sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a kafafen yaɗa labaran Kano. Mun yarda cewa zage-zagen sun yi yawa, amma gwamnati, kowace jam'iyya ce ke riƙe da ita, tana cikin waɗanda ake suka a shirye-shiryen nan, kuma ɗan wasa ba ya riƙe usur.

Majalisa ma haka take. A watan Yulin 2019 shugaban Amurka Donald Trump ya ce wasu 'yan majalisa mata huɗu, cikinsu har da Ilhan Omar, su koma inda suka fito, alhali uku daga cikinsu a Amurka aka haife su. Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a, 240 suka ce maganar wariya ce, 187 suka ƙi, kuma 'yan jam'iyyarsa huɗu kacal suka bi masu rinjaye. A ganinmu masu rinjayen sun yi daidai, domin cewa ɗan ƙasa ya koma inda ya fito ita ce dai maganar da ake yi wa wanda aka haifa a Fagge ana ce masa baƙo. Sai dai ƙuri'ar yawan kujerun kowace jam'iyya ta ƙidaya. Da ɗaya jam'iyyar ce ke da rinjaye, da sakamakon ya juye, maganar kuwa tana nan yadda aka faɗe ta.

Duk wanda zai auna magana, alƙali ne ko edita ko shugaban jam'iyya, akwai ma'aunin da masana suka tsara a birnin Rabat na Maroko a 2012 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana duba halin da gari ke ciki, da matsayin mai maganar, da niyyarsa, da lafazin da sigar da ya zo da ita, da nisan inda ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna nan kusa. Ɗauki misali. Bafulatani ya tsokani Babarbare a wurin ɗaurin aure ya ce bawansa ne, aka yi dariya. Wannan wasan barkwanci ne da ya girmi Najeriya, irin na Kanawa da Zagezagi, kuma babu ma'aunin da zai kama shi. Ɗan takara ya hau mumbari saura kwana uku zaɓe, gaban dubban matasa, ana watsawa kai tsaye, ya ce 'yan ƙabila kaza da ke unguwa kaza su ne za su sayar da garin nan, kada a bar su su fito. Ko bai yi ashar ba, duk abubuwa shidan sun hau kansa: ya ambaci mutane, ya nuna wurinsu, ya ba da umarni, ga masu aiwatarwa a tsaye. Garin da ya ga rikicin Mayun 1953, da na 1966, da na Oktoban 1991, da na bayan zaɓen 2011 ya san tazarar da ke tsakanin irin wannan magana da hayaƙi a Sabon Gari.

Mafi yawan ƙorafe-ƙorafe a wurin hujja suke mutuwa. Mai son kai ƙara ya nemi cikakken shirin daga farko har ƙarshe, domin yankin daƙiƙa talatin lauyan wanda ake ƙara zai ce an cire abin da ya gabata, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Ya rubuta sunan tasha da shirin da rana da lokaci, ya aika wa tashar takarda da wuri yana neman kwafi kafin a goge. Idan a Facebook ne, ya adana adireshin rubutun da hotonsa mai nuna suna da kwanan wata, kada ya dogara da abin da aka turo masa hannu na biyar. Sai a rubuta maganar kalma da kalma da Hausa, sannan a fassara, domin da Turanci Babbar Kotu ke aiki. A nan ake yawan yin asara. Habaici da zambo da karin magana ba sa tsallaka fassara da ƙarfinsu. "Arne" a takarda zai fito kamar bayanin addinin mutum, alhali a bakin mai faɗa da kunnen mai ji wani abu ne daban. Ana bukatar tafinta da zai tsaya a kotu ya yi rantsuwa ya bayyana abin da kalmar ke nufi a Kano a wannan yanayi. Wannan matsalar ce ke sa Facebook ya goge wasan taubasai ya bar tunzuri da aka lulluɓe da karin magana. Daga ƙarshe, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da aka ɗauko hujjar da ita da yadda aka fitar da ita, a takarda mai sa hannu ko ta bakin shaida. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Wanda ba shi da ƙarfin lauya yana iya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon yanke shawarar da ake aiwatarwa kamar hukuncin Babbar Kotu.

Tsakanin bakin jama'a da kotu akwai fili mai faɗi, kuma nan ne muka fi sakaci. Yawancin maganganun ƙabilanci ba su kai laifin ɗauri ba, amma sun wuce a yi shiru. Manzon Allah (SAW) da Abu Zarri ya aibata wani mutum da uwarsa, sai ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, kuma Abu Zarri nasa ne. Mai gida ne ke fara tsawata wa ɗan gida. Jam'iyya tana da ikon dakatar da mai magana da yawunta, limami yana da ikon faɗa wa attajirin da ke sahun gaba gaskiya, mai unguwa yana da ikon kiran yaron unguwarsa. Hukuncin da Bakano ya yi wa Bakano kan zagin Ibo ya fi tasiri sau goma a kan wanda zai zo daga Abuja, haka na Bayarabe a kan Bayarabe idan an zagi Bahaushe. Wanda ya yi tir da abin da aka yi wa 'yan Arewa a Kudu, amma ya yi gum a watan Yunin 2017 da wasu matasa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa, ya zubar da hurumin da yake nema.

Roƙonmu ga gidajen rediyon Kano shi ne su riƙe wannan hurumi da hannunsu kafin a ƙwace musu. Kowace tasha ta rubuta ƙa'idarta a shafi ɗaya da Hausa, mai sayen fili ya sa hannu kafin ya zauna gaban makirfo. A sa jinkirin 'yan daƙiƙoƙi tsakanin situdiyo da iska domin mai kula da na'ura ya iya datse magana. Wanda aka taɓa a ba shi damar martani a shirin da aka taɓa shi, a lokaci irin wancan, da mintuna daidai, ba tare da ya biya ba. Wanda ya karya ƙa'ida a hana shi fili na wani wa'adi sananne, ko wace jam'iyya ce ta biya masa. Ku ma 'yan jarida, ranka ya daɗe, idan za ku ba da labarin an zargi wane da ƙabilanci, ku buga ainihin kalmomin da ya faɗa da harshen da ya faɗe su, da wurin, da ranar, da waɗanda ke gabansa, sannan ku kira shi ku ji ta bakinsa kafin jarida ta tafi ɗab'i.

Wassalam.

Naku,
Wasu lauyoyi da ma'aikatan rediyo,
Birnin Kano.