Wasiƙa zuwa Kaduna kan maganar injin jirgi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da mutanen gareji. Mu ma nan Wisconsin ta Amurka lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tsiyar da ka yi mini, wai na gina keji na rasa tsuntsu. Gangar jirgin saman da nake haɗawa dai ta haɗu, fukafukai suna jingine a bango, saura inji. Samfurin Zenith CH 750 ne, mai kujera biyu, wanda kamfanin da ke jihar Missouri yake sayarwa gunduwa-gunduwa kai kuma ka harhaɗa a gida. Duk nauyin da aka yarda ya ɗauka, da shi kansa da mu biyu da mai, kilo 600 ne. To ka ga duk kilon da inji ya ci, daga man da zan ɗura ko daga kayana aka rage shi.

Ka ce me zai hana in ciro injin mota in ɗora, tunda ga su nan a banza. Na san bakanike ne yake magana, kuma ana yi, sai dai akwai abu biyu da ba ka saba da su a gareji ba. Injin mota sai ya kai juyi 5,000 ko 6,000 a minti yake ba da cikakken ƙarfinsa, ita kuwa farfela mai faɗin kusan mita biyu ba ta son wuce 2,700. In ta wuce sosai, bakinta ya kusa gudun sauti, sai ƙara ta yi yawa, jan iska ya ragu. Dole ke nan a sa giyabos a tsakani, kuma a nan yawancin masu wannan dabara suke shan wahala, domin girgizar fistin da ta farfela suna haɗuwa su cinye haƙoran giya. Na biyu, motarka a hanyar Zariya ba ta cin ko rabin ƙarfinta, jirgi kuwa kashi 75 cikin 100 yake ja awa bayan awa. Ga lagireto da ruwansa da tiyo, duk nauyi ne. Kuma in ya ɗauke, sama ba ta da gefen titi.

Wanda kowa yake so shi ne Rotax 912 na Ostiriya, mai ƙarfin doki 100. Bai fi kilo 60 ba kafin a ɗaura masa tarkace, yana shan fetur na gidan mai, yana yin awa 2,000 kafin garambawul. Ba ni da abin kushe shi sai kuɗinsa. Sabo ya haura dala 20,000, Maman yara kuwa da ta ji adadin kallona kawai ta yi ta ci gaba da aikinta.

Injin Bitil ya ɗan ja hankalina, ko don sabo. Nan Oshkosh ana sayar da AeroVee, wato injin Volkswagen da aka buɗe zuwa cc 2,180, doki 80, kai za ka haɗa abinka. Yana da araha, kuma a jirgi siriri irin Sonex yana yi. Amma ƙaramar farfela yake juyawa da sauri, nawa jirgin kuwa mai ƙirar akwati ne, an yi shi don tashi a gajeren fili, babbar farfela yake so mai jan iska a hankali. Af, Air Beetle ɗin nan guda 60 da aka harhaɗa wa sojojin sama a garinku, RV-6A ne, jirgin haɗin gida irin nawa, kuma injin Lycoming ne a cikinsu, ba na Bitil ba. Corvair ma na duba, injin Chevrolet mai silinda shida da aka daina yi tun 1969. Doki 100 yake bayarwa ba giyabos, sai dai sai ka wargaza shi ka sake ginawa tun daga karanshaf, ni kuwa ba kai ba ne.

Inda na tsaya shi ne Continental O-200, injin Cessna 150. Doki 100 a juyi 2,750, farfela a jikin karanshaf kai tsaye, iska ke sanyaya shi, magnito biyu, fulogi biyu a kowace silinda. Ya fi Rotax nauyi nesa, zan yi asarar wajen rabin buhun siminti na kaya, na haƙura. Wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu haɗa jirgi a gida, EAA, yana da na hannu, ya ci kusan rabin awa 1,800 da aka ƙayyade masa, kuɗin kuma bai kai rabin sabon Rotax ba.

Kafin mu yi ciniki littafin injin na fara karɓa, wanda ake rubuta kowane gyara da kowane canjin baƙin mai. Abin da nake nema shi ne ko farfela ta taɓa dukan ƙasa, domin karanshaf yana tsagewa ta ciki ido bai gani ba, da kuma ko ya taɓa yin shekaru a ajiye. Injin jirgi zama ne yake kashe shi fiye da aiki, tsatsa ta kama bangon silinda. Mun kwance fulogi muka zura ƙaramar kyamara ta ramin, bango sumul yana sheƙi, alamun gogar injiniya ma ba su gama ɓacewa ba. Muka ciro ragar tace mai muka wanke a farin kwano, ba ko ƙurar ƙarfe. Na hannu maras littafi, ko kyauta aka ba ni ba na so, don kuɗin buɗe shi zai cinye rangwamen.

Saura gwajin tashi. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, takan sa mai jirgin haɗin gida ya yi awa 40 shi kaɗai a yankin da aka shata masa kafin ya ɗauki fasinja, ko 25 in injin da farfelar haɗi ne mai takardar shaida. Saboda haka kar ka yi saurin neman biza.

Ka gaida Baba, ka ce ina nan tafe da babbar sallah in Allah ya yarda. Ka kuma aiko mini da hoton sabuwar rumfar garejin.

Naka har kullum.