Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Nan

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mu ma lafiya lau, sai ƙafar mamanki da kika sani.

Yayanki ne ya yi suɓul da baka. Na san an ba ki tallafin digiri na uku na shekara uku, na yi murna har na gundure mutane da labarin. Amma ba ki gaya mini rabin kuɗin daga wani kamfanin dandalin intanet zai fito ba, balle ki ce a cikin yarjejeniyar akwai inda aka rubuta sai sun duba aikinki kafin a buga shi. Ke da za ki binciki yadda gwamnatoci ke tsara manufofin ƙirƙira, da ko dandalin nan suna rage wa jama'a matsalolin lafiya da rashin aikin yi ko ƙara su suke yi, wa za ki bincika in ba su ba? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na san za ki ce Baba ya tsufa, komai tsoro yake ba shi. To tsohon nan yana karatu. A watan Disamba na 2020 Timnit Gebru, mai binciken ƙirƙirarriyar basira (AI), ta bar Google a kan takardar bincike guda ɗaya da aka nemi ta janye. Ita ta ce korarta aka yi, su suka ce murabus ta yi. Wannan fa babbar masaniya ce da duniya ta san sunanta, ina ga ɗaliba? A 2021 Facebook ya rufe shafukan masu bincike na Jami'ar New York da ke bin diddigin tallace-tallacen siyasa. A 2023 Twitter ya daina bai wa malaman jami'a bayanai kyauta, ɗalibai da yawa suka wayi gari aikinsu ya tsaya cak. A Agustan 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta rufe CrowdTangle, manhajar da 'yan jarida da masana ke bin yaɗuwar labarai da ita. Idan duk bayanan da za ki gina kundinki a kansu a hannun mai ba ki kuɗi suke, ranar da ransa ya ɓaci me za ki kai gaban masu jarraba ki?

Rufe ƙofar ma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ke hana ni barci shi ne ba wanda zai taɓa ce miki ki yi ƙarya. Za su karrama ki, su biya miki jirgi zuwa taro, su kira ki da sunanki. Sai wata rana ki gano abin da ba zai yi musu daɗi ba, ki ga da kanki kin sassauta jimlar, kin mayar da ita can ƙasan shafi inda ba mai gani. Na ga haka da idona. Kin san rahoton da ya sa na shekara da shekaru a kujera ɗaya. Shugaban ofishinmu bai ɗaga murya ba, biro kawai ya miƙo mini yana murmushi, ya nuna lamba ɗaya da yatsa. Na ajiye biron. Kun sha wahala saboda haka, ke da 'yan'uwanki, kawunku har yau yana min gori, amma ban taɓa sunkuyar da kai a gabanku ba.

Shi ya sa ɓoyewar ta yi min ciwo. Ni kika ɓoye wa? Da kin tabbata babu komai a takardar, da tuni kin karanta mini ita a waya kamar yadda kika saba. Ba haka na rene ki ba.

Ban ce ki ƙi kuɗin ba. Na san irin daren da kika raba kafin ki same shi, kuma ba ni da abin da zan maye miki gurbinsa. Amma ki je ofishin jami'a mai kula da yarjejeniyoyin bincike, ki sa a rubuta ƙarara cewa duban da kamfanin zai yi na kare sirrin kasuwancinsa ne kawai, yana da wa'adi, kuma ba shi da ikon hana bugawa. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, mai ba da tallafin bincike daga 2021 zuwa 2027, sharaɗinsa a buga sakamako yadda kowa zai karanta kyauta. Ki nemi irin wannan sharaɗin. Sashe na 40 na dokar Tarayyar ta ayyukan intanet kuma ya buɗe wa masu binciken da aka tantance hanyar neman bayanai daga dandali masu mutum miliyan 45 ko fiye a Tarayyar. Ki tambayi mai duba aikinki ko kin cancanta, don kada ya zama ƙofa ɗaya gare ki.

Idan sun ƙi gyarawa kika ga ba za ki iya ba, ɗakinki na nan, ba wanda zai ce miki uffan, har kawun naki. Mamanki na gaishe ki, ta ce ki rage zaman dare. Allah Ya yi miki albarka. Ki kira ni da kanki, ba ta bakin yayanki ba.

Mahaifinki.