Sai An Ɗaure Raƙumi Ake Tawakkali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba malamin addini ba ne. Alli na riƙe a firamare har na yi ritaya, ɗan karatun zauren da na yi kuwa bai wuce na gyara salla ba. Inda na yi kuskure, masana su yi mini gyara.

Kwanan baya na tashi zuwa Kaduna ta'aziyya, na je shiga mota a Kwangila. Kafin in zauna sai idona ya faɗa kan tayar gaba. Ta suɗe sumul, har zaren ciki ya fara leƙowa. Na ce da direban, wanda bai wuce sa'an ɗana na biyu ba, "Samari, anya wannan tayar za ta kai mu?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai Allah ke kai mutum, ba taya ba." Wata baiwar Allah daga kujerar baya ta karɓe, "In kwana ya ƙare, Baba, ko a kan gado kake sai ka tafi." Mota ta ɗauka da "wallahi kuwa". Nan take na zama mai raunin imani a cikinsu. Na karɓi kuɗina na jira wata motar. Ban ji an ce wani abu ya same su ba, ina kuma fatan sun sauka lafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ƙarya a maganarsu. Allah ke kai mutum, ajali kuma ba ya jira. Sai dai an ɗauko gaskiyar an rufe bakin mai tambaya da ita, an lulluɓe sakaci.

Ko yaran Islamiyya sun san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Aka ce masa ya ɗaure ta, sannan ya yi tawakkali. Shi kansa Manzo da zai yi hijira, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya fara nufar kudu alhali Madina tana arewa, ya kwana uku a kogon Saur. Wa ya kai shi dogaro ga Allah?

Wanda ya fi burge ni shi ne labarin Sayyidina Umar. Ya ɗauki hanyar Sham da jama'a, sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Umar ya amsa cewa e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Har ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora dabbobinsa, ai da ƙaddarar Allah ya kora su. Da Umar zai tsaya a tasharmu yau ya ce a juya, ina jin sai an samu mai ce masa imaninsa da sauran gyara.

Wani abin mamakin kuma, mu da muke saurin jingina komai ga ƙaddara tun abu bai faru ba, in ya faru sai mu kasa karɓarsa. A daminar da ta wuce, wani yaro a layinmu ya kwana biyar da zazzaɓi. Ana ta ba shi ƙwayoyin kemis da jiƙe-jiƙe, duk wanda ya ce a tafi asibiti sai a ce masa Allah ne mai warkarwa. Sai da ya fara suma aka nemi Keke Napep zuwa asibitin koyarwa na Shika, rai ya yi halinsa. Ko sadakar uku ba a yi ba aka fara raɗe-raɗin wai kishiyar uwarsa ce ta yi masa hannu. Yanzu matan biyu ko gaisawa ba sa yi. Lokacin da ya kamata a tashi tsaye an naɗe hannu da sunan tawakkali, da lokacin haƙuri ya zo kuma aka koma neman wanda za a ɗora wa. Mun sa wando a ka, hula a ƙafa.

Kada a ɗauka ina rage darajar imani ne. Na ga abin da yake yi wa mutum da idona. Akwai wata mai ƙosai a bakin layinmu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da kuɗin haya. Tun da dare take surfa wake ta wanke, kafin kiran assalatu ƙullunta ya dawo daga inji, muna fitowa daga masallaci mu tarar kasko ya yi zafi. Wata safiya ina tsaye ina jiran na jikokina, wani ɗan acaɓa ya goge murhun, kasko ya kife, man da ta saya jiya-jiya ya malale cikin ƙasa. Ta ja ƙafarta da sauri, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta dubi yaron da ke ta rawar jiki ta ce, "Je ka, ɗana, Allah ya tsare gaba." Ba ta zauna kuka ba. Ta aiki 'yarta ta karɓo mai bashi a shagon maƙwabci, kafin hantsi ta sake ɗora wuta. Washegari na ga ta matsar da murhun baya, ta jera duwatsu uku a gabansa. Da wannan kasko da adashi babbar 'yarta take karatu a Jami'ar Ahmadu Bello yanzu. Ban taɓa jin ta ce wani ya yi mata asiri ba. Kalmarta ɗaya ce, "Allah na nan."

Iyayenmu ma haka suka fahimci abin. Babban Gwani Malam Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ai don Allah ya yi aikin. Amma bai ce tunda ɗakin Allah ne zai tsaya da kansa ba. Ya zaɓi ƙasa, ya nemo azara, ya ɗaure bakan gizo yadda ya kamata, ginin ƙasa ya kusa shekara 190 a tsaye, har zuwa watan Agustan 2023 da wani sashe ya rufta ana sallar la'asar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki.

Na san za a ce mini talauci ne, kuma gaskiya ne. Wataƙila direban nan motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023. To, ya faɗi hakan mana. Ya ce, "Baba, na yi wa mai mota magana ya ƙi saya." Wannan magana ce da za a iya kai wa shugabannin tasha. Amma da zarar an ce haka Allah ya so, an rufe ƙofa, duk wanda ya ƙara tofawa ya zama mai jayayya da Ubangiji.

Don haka nake roƙon malamanmu na Zazzau, daga zaurukan Unguwar Juma da Kona har masu huɗuba a Sabon Gari da Samaru, idan sun zo bayanin imani da ƙaddara su riƙa saukowa da shi ƙasa: tayar mota, zazzaɓin yaro, katangar da ta tsage, rijiyar da ba murfi. Kai ma Edita, ka taimaka ka miƙa wannan tambaya ga masu amsa fatawa a shafinku na Juma'a: direban da ya san tayarsa ta mutu ya ɗebi mutane, in wani abu ya faru, mene ne hukuncinsa?

Mu dai a layinmu mun yi magana bayan sallar isha'i. Asabar mai zuwa za mu fito yashe kwata kafin ruwa ya sauka, don bara har cikin ɗakuna ya shigar mana. Mai unguwa ya ce zai kawo baro biyu, shebur ne har yanzu muke nema.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.